Yadda Gaskiya Ke Haifar Da Ƙarya

Daren Alhamis wayewar Juma'a, 8 ga Agustan 2014, wayoyi ba su huta ba a Najeriya. Uwa na kiran ɗanta da ke makaranta, wa na kiran ƙanwarsa, maƙwabci na ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci, saƙon kuma bai wuce ɗaya ba: a tashi kafin alfijir a yi wanka da ruwan ɗumi da gishiri, a kuma kurɓa, don neman tsari daga Ebola. Ba a cika mako uku ba da saukar Patrick Sawyer a Legas daga Laberiya ɗauke da cutar, tsoro kuwa ya riga ya shiga kowane gida. Aka yi wanka, aka sha. Kafin hukumomin lafiya su gama ƙaryata maganar, aƙalla mutum biyu sun rasu, wasu da dama suna kwance a asibiti. Ebola ba ta taɓa ko ɗayansu ba. Gishiri ne ya kayar da su.

Sauƙi ne matashin yau ya yi dariyar wannan dare, ya ce jahilci ne. Amma cikin waɗanda suka kurɓi ruwan akwai masu digiri, akwai malaman makaranta, kuma abin da suka dogara da shi ba ƙage ba ne. Gishiri yana hana kifi da nama ruɓewa, kowace mace a kicin ta san haka. Mai ciwon maƙogwaro yakan kuskure da ruwan gishiri ya ji sauƙi. Ebola kuma ƙwayar cuta ce. Duk waɗannan gaskiya ne. Daga kansu aka yi tsalle aka dira kan cewa gishiri zai kashe Ebola a cikin jinin mutum, kuma a wurin tsallen aka karye. Da gari ya waye sai ga tsalle na biyu: "Ni dai na yi, ga ni kuma lafiya lau." Mutum 20 ne kaf suka kamu da cutar a Najeriya a wannan karon, 8 suka rasu, a Legas da Fatakwal, cikin ƙasa mai mutum sama da miliyan 170. Wanda ya yi wankan bai kamu ba. Wanda ya juya ya ci gaba da barcinsa shi ma bai kamu ba.

Ana yawan horon matasa da su bincika labari kafin su yaɗa, su tambaya ko abin ya faru. Horo ne mai kyau, sai dai rabin aiki ne. Ƙaryar da ta fi cutarwa ba kasafai take zuwa tsirara ba, takan zo ne riƙe da hannun gaskiya biyu ko uku, har mai sauraro ya gaskata su ya haɗiye ta tare da su. Masu ilimin manɗiƙi suna raba kowace hujja gida biyu. Akwai muƙaddima, wato maganganun da aka aza a matsayin tushe, akwai natija, wato abin da aka ce ya fito daga gare su. Don haka tambayoyin biyu ne, kuma amsar ɗaya ba ta wadatar da ɗayar: shin muƙaddimomin gaskiya ne, kuma shin natijar dole ce ta biyo bayansu? Magini na iya samun tubali mai kyau, ƙonanne, amma in kwaɓin da ya haɗa su ruwa ne, damina ɗaya ta ishi katangar.

Ga misalin da ake yi kullum a bakin kemis. Mai zazzaɓin cizon sauro jikinsa kan yi zafi. Jikin wane ya yi zafi. To, wane maleriya ke damunsa, a ba shi magani. Maganganun biyu na farko babu ƙarya a cikinsu, amma na ukun bai zama dole ba, domin taifot ma na kawo zafin jiki, sanƙarau na kawowa, zazzaɓin Lassa na kawowa. An ce duk mai maleriya yana da zafi, ba a ce duk mai zafi yana da maleriya ba. Juya maganar nan baibai yana cikin kurakuran da suka fi yawa a tunanin ɗan Adam, kuma wanda ya iya kama shi ya riga ya ci rabin darasin.

Wannan fanni na manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, ko da yake wasu matasan na ɗaukarsa kayan boko. Aristo, Bagirken da ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya fara tsara shi, har ya ƙirga hanyoyi 13 da ake bi a yaudari abokin muhawara. An mayar da littattafansa Larabci a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, Farabi da Ibnu Sina suka faɗaɗa, Gazali ya shigar da fannin cikin usulul fiƙihu. Daga can ya tsallako Sahara. Shehu Magili, wanda ya sauka Kano a farkon shekarun 1490 zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya wallafa waƙa sukutum kan manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Alƙahira a kansa. Suyuɗi, wanda Hausawa suka fi sani da tafsirin Jalalaini da ake ja kowane azumi, ya tafi kan haramcin shagala da fannin, kuma cikin dalilansa akwai cewa daga waɗanda ba Musulmi ba ya fito. Amsar Magili ita ce asalin ilimi ba ya zama hujja a kansa, da gaskiya ake auna mutane, ba da mutane ake auna gaskiya ba. Suyuɗi ya mayar masa da martani cikin waƙa da girmamawa. Manyan malamai biyu sun saɓa a rubuce, babu wanda ya zagi uban wani, abin da dandalin Facebook na yau zai yi wuya ya kwaikwaya.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da gida. Ahalari, ɗan littafin tsarki da salla da kusan kowane ɗalibin zaure yake farawa da shi, marubucinsa Abdurrahman al-Akhdari ne na yankin Biskra a Aljeriya. Shi ɗin dai ya rubuta Sullam, waƙar manɗiƙi mai baiti 140 da 'yan kai, a shekarar 941 ta Hijira, wajen 1535, yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin malamai kan karanta fannin, ya rinjayar da halacci ga mai lafiyayyar basira wanda ya san Alƙur'ani da Sunna. Ashe malamin da ya koya wa yara alwala shi ne ya koya wa manya ƙiyasi, kuma yana cikin shekarun samartaka.

Kuskure na gaba da ya kamata matashi ya sani shi ne wanda ya fi cin kuɗi. A ƙarshen 2015 wani tsarin zuba kuɗi mai suna MMM ya shigo Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi. Mai tsarin, Sergei Mavrodi ɗan Rasha, ya taɓa kafa irinsa a ƙasarsu ya rushe a 1994, har ya yi zaman gidan yari. Lissafin ma kaɗai ya isa ya farkar da mutum: Naira 100,000 da ke hawa da kashi 30 duk wata za ta haura miliyan 2.3 cikin shekara guda, kuma babu sana'ar da ke haihuwa haka. Duk da haka mutane suka yi tururuwa, saboda kowa yana da hujjar da ya gani da idonsa. Abokinsa ya saka, an biya shi. Ɗan unguwarsu ya sayi mota. Kuma da gaske an biya su, don tsarin da kansa yana ƙarfafa wanda ya karɓi kuɗi ya fito ya ba da shaida a rubuce ko a bidiyo. A Disambar 2016 aka rufe asusun kowa. Hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan 3 ne suka yi asarar wajen Naira biliyan 18.

An ce gani ya kori ji, amma ba a ce abin da aka gani shi ne duk abin da ke akwai ba. Masu shaidar MMM su ne waɗanda suka shiga da wuri aka biya su da kuɗin na baya. Na bayan ba su da bidiyo, don lokacin da ake kallon shaidun ba su riga sun yi asarar ba, bayan sun yi kuma kunya ta rufe musu baki.

Wani masanin lissafi, Abraham Wald, ya fuskanci irin wannan matsala a 1943 yana aiki da rukunin masana ƙididdiga a Jami'ar Columbia, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojan Amurka na da bayanan ramukan harsashi a jikin jiragen yaƙin da suka dawo sansani, ana kuma son a san inda jirgi ya fi rauni, tunda sulke nauyi gare shi, ba a iya lulluɓe jirgi duka da shi. Tunanin farko zai ce a ƙarfafa inda ramuka suka fi yawa. Wald kuwa ya gina lissafinsa kan jiragen da ba su dawo ba. Jirgin da ya iso gida da ramuka a gangar jikinsa ya nuna ana iya shan harbi a nan a rayu. Inda ba a cika ganin rami ba, kamar inji, ba wai harsashi na tsoron wurin ba ne, waɗanda aka harba a nan suna ƙarƙashin teku ko a gonar abokan gaba, ba su zo an ƙirga su ba. Shi kansa Wald, ikon Allah, a haɗarin jirgin sama ya rasu a kudancin Indiya a 1950. Duk lokacin da aka nuna wa matashi attajirin da ya bar makaranta ya yi kuɗi, ko ɗan cirani da ya tsallaka hamada ya turo hoto daga Italiya, ko ɗan caca da tikitinsa ya ci, tambayar Wald ce ta dace: sauran da suka tashi tare da shi fa, suna ina?

Haɗa abu biyu don sun zo tare shi ma tarko ne, kuma likitocin Ingila sun daɗe a cikinsa. A tsakiyar ƙarni na 19 yawancinsu sun yi imani gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara. Suna da hujja: duk inda cutar ta yi ƙamari akwai wari, akwai ƙazanta. A ƙarshen Agustan 1854 annoba ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, cikin kwana goma ta kashe sama da mutum 500. Likita John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, sai ga yawancinsu a famfon titin Broad. Abin koyi shi ne bai tsaya kan waɗanda suka dace da zatonsa ba, ya je neman waɗanda za su iya rusa shi. Akwai gidan gajiyayyu a tsakiyar unguwar mai mutum 535, suna shaƙar iska ɗaya da kowa, amma 5 kawai suka mutu. Ashe rijiyarsu daban. Ma'aikatan wata masana'antar giya a kan titin ba su rasa kowa ba, ba sa shan ruwan famfon. Sannan wata bazawara a Hampstead, nesa da warin Soho, ta mutu da kwalara, da aka bincika sai aka tarar ana yi mata dakon ruwan wannan famfo saboda tana son ɗanɗanonsa. Wari da cuta suna tafiya tare ne don uwarsu ɗaya, najasa, ba don ɗaya ya haifi ɗaya ba.

A ranar 8 ga Satumba aka cire hannun famfon, annobar kuma ta lafa. Da wani ne, da tuni ya yi shelar nasara. Snow da kansa ya rubuta cewa cutar ta riga ta fara ja da baya kafin a cire hannun, tunda mutane da yawa sun gudu daga unguwar. Ya ƙi karɓar gurguwar hujja ko da tana goyon bayansa, kuma wannan ya fi kama kuskuren abokin hamayya wuya nesa ba kusa ba.

Darasin da ya fi ɗaci a gida aka yi shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Fushin jama'a yana da tushe, kuma duk wanda ya raina shi bai yi adalci ba. Sai dai a 2003, da aka fara raɗe-raɗin cewa ɗigon rigakafin shan inna na ɗauke da abin hana haihuwa, sai labarin Trovan ya zama hujjar da ake rufe baki da ita. Abin da 1996 ta tabbatar shi ne cewa akwai dalilin yin bincike. Ba ta tabbatar da komai game da abin da ke cikin wata kwalbar daban ba, wadda aka riga aka ɗiga wa ɗaruruwan miliyoyin yara a duniya, har da na ƙasashen Musulmi masu yawan haihuwa. Kano ta dakatar da rigakafin kusan shekara guda, sai a Yulin 2004 aka ci gaba da wanda aka kawo daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta sami hanya. A 2006 sama da yara 1,000 ta shanye a Najeriya, nau'in ƙwayar kuma ya bazu zuwa ƙasashe kusan 20, har Yaman da ita kanta Indonesiyar. Sai a Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in ƙwayar cutar na asali.

Sauran dabarun musu kowa ya san su ko bai san sunansu ba. Mutum ya kawo lissafin kasafin kuɗi, a ce ai ɗan jam'iyyar kaza ne. Yarinya ta yi tambaya, a ce yaushe aka haife ki. Wani ya ce a gyara yadda almajirai ke kwana da yunwa, a ce yana yaƙi da karatun Alƙur'ani, a yi ta dukan maganar da bai faɗa ba. Wani kuma ya ce ko kana tare da mu ko kana tare da su, kamar hanya biyu ce kawai a gari. A kan na farkon akwai buƙatar lura, don ba kullum ne duba mai magana yake zama kuskure ba. In mutum ya ce "na gani da idona", halinsa na cikin hujjar, shi ya sa malaman hadisi suka ƙare rayuwarsu suna tantance maruwaita, alƙali kuma yake neman adalcin shaida. In kuwa cewa ya yi "ga lissafin, ku duba", to ko ɓarawo ne, biyu da biyu huɗu ne a bakinsa.

Akwai ciwon da ke kama wanda ya fara koyon wannan fanni, gara a ambace shi. Yakan mayar da shi makamin ƙure na gaba da shi, ya zauna a majalisa yana jiran wani ya zame. Ban da rashin ladabi, akwai kuskure a ciki: gurguwar hujja ba ta mayar da natija ƙarya. Kaka na iya hana jika shan ruwan kududdufi da dalilin da ba shi da tushe, ruwan kuma yana da cuta duk da haka. Tambaya cikin ladabi ta fi ƙure amfani. "Baba, Allah ya ƙara girma, shin waɗanda ba su sha maganin ba su ma sun warke?" ba ta zubar da mutuncin kowa, kuma ita ce ainihin tambayar da masu binciken magani ke kashe miliyoyi don amsawa.

Kada kuma a ɗauka karatu mai zurfi kariya ne. A Nuwamban 1999 wata kotu a Ingila ta ɗaure wata lauya, Sally Clark, ɗaurin rai da rai kan kisan jariranta biyu, waɗanda suka mutu ɗaya a 1996 ɗaya a 1998, kowanne yana ɗan makonni. Babban likitan yara Roy Meadow ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar farat ɗaya a irin wannan gida 1 ce cikin miliyan 73. Ya samo adadin ne ta hanyar ninka 1 cikin 8,543 da kanta, tamkar mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali yaran uwa ɗaya uba ɗaya ne, gida ɗaya, gado ɗaya na jini. Kuskure na biyu ya fi wannan ɓoyewa. Masu sauraro sun fahimci adadin a matsayin yiwuwar cewa ba ta da laifi. Gaskiya ne mutuwar jarirai biyu haka kawai abu ne mai wuyar aukuwa, amma uwa ta kashe 'ya'yanta biyu shi ma mai wuyar aukuwa ne, kuma tunda yaran sun riga sun mutu, aikin kotu shi ne ta gwada wuyar nan da waccan. Ba a gwada ba. Daga baya masanin lissafi Ray Hill na Jami'ar Salford ya yi gwajin, ya samu ta farkon ta fi ta biyun yawan faruwa.

Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili a 2001 ta ce adadin ba shi da tushe. Kafin nan an riga an kori ɗaukaka ƙarar farko. A ta biyu aka gano cewa sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayar cuta a jikin jariri na biyu yana nan tun farko, ba a miƙa wa lauyoyinta ba, sai aka sake ta a Janairun 2003 bayan sama da shekara uku a kurkuku. Shari'arta ta sa aka sake buɗe wasu da Meadow ya yi shaida a cikinsu: aka saki Angela Cannings a Disambar wannan shekara, Donna Anthony kuma ta fito a Afrilun 2005 bayan sama da shekara shida a tsare. Sally Clark ba ta sake komawa daidai ba, ta rasu a Maris na 2007 tana da shekara 42.